Ba Zan Sa Rigarsu Ba

Zwide, 9 ga Mayu

Yaya Nolitha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar taki? Ni dai ina nan, ina cin abinci don dole.

Yaya, sai ranar Talata na gane abin da ya kashe ɗana Luvuyo. Kin san kokawarsu ta kamfani shiri ce, tun kafin a hau dandali an san wanda zai faɗi. Shi ya sa duk ranar da ya dawo da kumburarren ido, in na yi magana sai ya yi dariya, ya ce, "Mama, wasa ne fa, kin cika tsoro." Ni kuma in ɗora masa ƙanƙara, in zuba masa masara da wake. Haka na yi wata takwas.

Alƙalin wasansu, Mista Pieterse, shi ya zo mini gaisuwa. Ko shayi ya kasa sha. Ya nuna mini wasan ƙarshe a wayarsa. Ya ce in mutum ya faɗi da ƙarfi, alƙali yakan kama hannunsa a ɓoye, in wanda ya faɗi ya matse hannun alƙalin to lafiya, a ci gaba. Da idona na ga ya kama hannun ɗana sau biyu. Luvuyo bai matse ba. Ya ce ya raɗa wa Gcobani, babban ɗan kokawarsu wanda yake karawa da Luvuyo, cewa a tsaya. Gcobani ya ce, "Ƙyale shi, yau zai koyi gaisuwa," ya sake ɗaga shi ya maka shi da ƙasa.

Kin san laifinsa? Ranar da ya fara aiki bai bi manya ɗaya bayan ɗaya ya ba su hannu ba. Bai san dokar ba. Tun daga nan suka hana shi shiga ɗakin canza kaya, a bayan gida yake canzawa.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Zukiswa

Zwide, 27 ga Mayu

Yaya Nolitha,

Ina gaishe ki da kyau. Saƙonki ya iso, na gode. Ki gaishe da maigida.

Mai kamfanin ya zo, har da Gcobani. Sun kawo riga mai hoton Luvuyo, an rubuta A DAINA CIN ZALI. Ashe shekara uku ke nan Gcobani yana zagaya makarantu yana yi wa yara wannan wa'azi. Suna so in sa rigar in bi su, a buga ƙararrawa sau goma don tunawa da ɗana, in rungumi Gcobani a ɗauki hoto.

Gcobani ya durƙusa yana ce mini Mama. Na ce, "Tashi, ƙaton banza, kar ka fasa mini daɓe. Wanda yake ce mini Mama yana ƙarƙashin ƙasa." Rigar kuwa na miƙa musu ta taga.

Ranar Juma'a na je makarantar da suka je, da baƙaƙen kayana, takalman kokawar Luvuyo rataye a wuyana. Ban shiga ba. Na tsaya a ƙofa, duk uwar da ta tambaye ni na gaya mata. Mai gadi ya ce in matsa. Na ce titi ba na ubansa ba ne. Daga baya shi ya kawo mini kujera.

Fasto ya ce in yafe. Zan yafe, Yaya, amma sai an faɗi abin da aka yi tukuna.

'Yan sanda sun ce in ba shaidar alƙalin wasan, hatsari ne kawai. Mista Pieterse ya daina ɗaukar wayata, yana tsoron aikinsa, ga 'ya'ya huɗu. Ban tsane shi ba. Amma har yau bai sa hannu a takardar shaida ba, kuma ranar Litinin zan koma ƙofar gidansa.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Zukiswa