Takun Baba a Cikin Wasa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Mama da maigidanki da yara. Ya jikin Mama? Ki riƙa duba ƙarƙashin matashinta, can take ɓoye maganin, na san halinta.

Kin dame ni da tambayar aikin da nake yi a sabon wurin, to ga amsa. Kamfanin wasannin bidiyo ne, irin waɗanda maigidanki ke bugawa a falo da furfurarsa, wai yara yake tayawa. Nawa ɓangaren motsi ne. Wasu su zana mutum a kwamfuta, ni in koya masa tafiya da gudu da faɗuwa. Akwai wani babban ɗaki mara taga, kamarori kewaye da bango. Sai in sa wata matsattsiyar riga mai ɗige-ɗige in yi ta tafiya, kwamfuta ta kwashe takun ta ɗora wa zanen. Da kin gan ni a rigar nan da kin yi dariya har kin ƙware.

Ga abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa. Wasan da muke haɗawa na yaƙin garinmu ne, tun daga ranar da mayaƙa suka shigo ta gada. Sun canza sunan garin, amma titin shagon Baba yana nan, har da famfon kwana. Shugaban sashenmu ya ce so suke yaran yanzu su san abin da ya faru, tunda ba karatu suke yi ba. Na yarda da rabin maganar. Ni dai ba ruwana da masu bindiga, nawa mutanen titi ne, waɗanda mai wasa ke giftawa ta gabansu. Da wannan nake lallashin kaina.

Kada ki gaya wa Mama. Ki ce mata zane nake yi, ai ba ƙarya ba ne.

Ki gaida kowa.
Ƙanenki, Auta.

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa, da fatan hankalin gidan ya kwanta. Wasiƙarki ta iso, na karanta zagin duka, ban tsallake ko layi ɗaya ba.

Ban san maigidanki zai sauke somin-taɓin wasan da muka saki ba, balle ya kunna shi a talabijin ɗin falo. Kin ce Mama ta zo wucewa da kayan shanya, ta ga wani tsoho yana tsallaka titi, ta ajiye kwandon, ta kira Baba da sunan da ba mu taɓa jin ta furta ba. Kin ce kafin maigidanki ya lalubo madannin tsayarwa, harsashi ya sami tsohon. Kina tambaya ko da gangan na yi.

Wallahi Yaya ba da gangan ba. An ce mini ana buƙatar takun tsoho mai sauri. A aikinmu ba a ƙirƙirar tafiya da ka, jiki ake bari ya yi, kuma jiki abin da ya sani yake kawowa. Na sa rigar, na taka. Ƙafar hagu ta riƙa jan ƙasa kaɗan, kamar yadda tasa ta koma tun da ya faɗo daga tsani wajen ɗaura eriya. Hannun dama ya koma baya, kafaɗa ta karkace. Kowa a ɗakin ya yaba, ni ma na ji daɗi, na tafi cin abinci. Fuskar zanen ba tasa ba ce, shi ya sa ko da nake gyara aikin ban gane ba. Mama ce ta gane daga ƙofar falo.

Akwai abin da ya fi wannan, gara ki ji daga bakina. Idan taku ya yi kyau, ba mutum ɗaya ake ba wa ba. Ajiye shi ake yi a rumbun kwamfuta, duk inda ake son tsoho a ɗauko. Na buɗe wasan na bi titi-titi. Tsohon kasuwa, na bakin asibiti, na kan gada mai riƙe da buhu, duka da ƙafar Baba suke tafiya, kuma duka ana iya harbinsu.

Na je wurin shugaba na gaya masa komai, har da yadda Baba ya fita rufe shagon gyaran rediyonsa ranar nan bai dawo ba. Ba mugun mutum ba ne, ya cire gilashinsa ya daɗe yana goge shi. Sai ya nuna mini cewa duk wanda ya harbi farar hula ana rage masa maki, wai ta haka wasan ke koyar da tausayi. Na tambaye shi maki nawa ne na mahaifina. Ya san amsar, ni ma na sani, don a gabana aka tsara. Ya ce lokacin fitar da wasan ya matso, amma zai kai maganar sama.

Ki ba Mama haƙuri kafin in sami bakin yi mata magana da kaina.

Naki,
Auta.

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya gida, ya yara? Ki gaida maigidanki gaisuwa ta musamman, na janye duk tsiyar da na taɓa yi masa.

An amince a cire takun, da sharaɗin in ba da wani a madadinsa. Na koma ɗakin na sa rigar, sai abin ya gagara. Duk yadda na taka, ƙafar hagu sai ta ja. Ƙarshe wani abokin aikina ya karɓi rigar ya yi. Nasa tsohon yana tafiya da ƙananan taku, yana ɗan duƙawa kamar mai neman abu a ƙasa. Ban tambaye shi na wa ne ba, shi ma bai faɗa ba, amma da ya gama ya daɗe a banɗaki.

Don haka kada ki yaba mini. Tsofaffin suna nan, ana harbinsu, ana rage maki. Namu kawai na cire. Na nemi a hana harbin farar hula gaba ɗaya, aka ce in an yi haka an ɓoye gaskiyar yaƙi. Wataƙila haka ne. Amma a garinmu wanda ya faɗi bai tashi an sake wasan da shi ba, wannan gaskiyar kuwa ba su sa ta ba. Na gaya musu wannan ne aikina na ƙarshe a kan wasan.

Sai ga wasiƙarki ta biyu. Ashe tun ranar farko Mama kan sa maigidanki ya kunna mata kowace safiya kafin ya fita aiki. Ya kai mai bindigar da ake wasa da shi bakin famfo, ya juya shi, ya ajiye madannin, su zauna suna kallo har tsohon ya wuce. Ashe shekaranjiya da wasan ya sabunta kansa, ta jira, wani tsoho daban ya gifta, ta tambaya ina aka kai shi. Mun manta, Yaya, hotunan Baba duka a zaune yake ko a tsaye, babu wanda yake tafiya a ciki. Ni ina nan ina faɗa a cire, ban tambayi matarsa ba.

Kin ce in turo mata tsohon a waya. Ba zai yiwu ba. An goge shi daga rumbu bisa roƙona, ina tsaye, ni ne ma na danna. Ko da yana nan ma, ba na so ta riƙa jiran mijinta a titin da ake harbi.

Na ɗauki hutu, zan zo ƙarshen mako. Kada ki turo kowa ya ɗauko ni. Zan sauka a bakin layinku in ƙaraso a ƙafa. Ki fitar mata da kujera ƙofar gida, ki gaya mata tun da wuri cewa ni ne, don kada ta tsorata.

Sai na zo.
Ƙanenki, Auta.