Zaɓen Mai Gari da Gonar Yaya Tanko

Da sunan Allah Mai rahama. Wannan takarda ta fito daga hannun ƙanenka Yahuza, a Rijiyar Dado ta ƙasar Tarka, zuwa ga yayana Malam Tanko a Kazaure. Gaisuwa irin ta jini ɗaya, da so da girmamawa, da addu'ar Allah Ya sa ta same ku cikin lafiya da rufin asiri, kai da Hawwa da yara duka. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, hatsi ya shiga rumbu, dabbobi sun ƙoshi. Inna ce kawai ta sha jinya a tsakiyar damina, har muka cire rai, amma Allah Ya tashe ta, yanzu tana fitowa ƙofar ɗaki da sandarta tana yi wa jikoki faɗa kamar da.

Bayan haka, saƙonka ya iso ta bakin madugu Amadu. Ya ce ka ce mu tattaro mu biyo ka, wai a ƙasar Ingilishi ba a kama mutum aikin dole yadda ake yi nan, ba a ɗibar samari soja, kuma alƙali ke shari'a ba tafinta ba. Ban musa maka ba, Yaya. Bana ma sai da aka ɗebi mutanenmu gyaran hanya ana tsakiyar noma. Sai dai shi Amadun ya ce can ma talaka ba ya zaɓen wanda zai shugabance shi, daga sama ake sauko masa da dagaci. Kowa dai ya san inda ɗakinsa ke yoyo. Na gaya wa Inna zancen ƙaura, ta ce ƙafar da ba ta gudu ba a shekarar yaƙin Abzin ba za ta gudu yanzu da ƙura ta lafa ba, kuma ba ta barin kushewar Baba da ta ɗanka Abdu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mai gari ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin nan, ya zo daga Tanut da tafintansa, ya ce ba zai naɗa kowa ba sai masu gida sun taru kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Mutum biyu suka fito, Gajere ƙanen marigayi da Ɗanmalam mai rini. Kafin a tsaya sai rigima ta tashi a kan wasu Buzaye, iyalan wani dattijo Sidi, da suka sauka bakin rijiya tun kakar bara waccan. Su ma gudun yaƙin nan suka yi, suka yi ta yawo har Borno, suka dawo ba raƙumi ko ɗaya, sai 'yan awaki. Gajere ya ce baƙi ne, ba su da ƙafar tsayawa, kuma in ya hau ba za su ƙara kwana a ƙasarsa ba. Don ya ƙarfafa maganarsa sai ya ambaci ɗanka Abdu, ya ce a tuna irin su ne suka sauko daga arewa suka kashe shi a bakin wannan rijiyar yana shayar da shanu.

Ashe labari ya kai wa Inna. Sai ga ta Umma matata na riƙe da hannunta, ta ratsa taron maza, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce wa tafinta ya gaya wa Nasara ita ba mai gida ba ce, ba ta zo tsayawa bayan kowa ba, amma yaron da ake ambato a bayanta ya girma, don haka kada wani ya yi tsani da sunansa ya hau sarauta. Ta ce lokacin da take kwance ba ta iya haɗiye ko ruwa, Tata matar Sidi ce ta riƙa zuwa kullum da nonon akuya tana ɗura mata da ludayi, ba ta taɓa tambayar ko ɗiyar wa ce ba. Ta ce wanda kuke jan guga ɗaya da shi, kuka binne mamacinsa a maƙabartarku, in ba ɗan gari ba ne to a gaya mata wane ne ɗan gari. Kumandan ya ce a bar Buzayen su tsaya. Suka tsaya bayan Ɗanmalam, shi kuma ya rinjaya, ba da yawa ba. Gajere ya yi kwanaki ba ya gaishe mu, amma ran Juma'ar da ta wuce ya aiko wa Inna da goro. Ba na ruɗin kaina, na san Nasaran da ya ce mu zaɓa yana iya cewa gobe ya fasa. Duk da haka ranar na ga talaka ya tsaya inda ransa ke so.

To, sabon mai gari ya kira ni kan gonarka ta gefen kwari, wadda ta zama saura tun tafiyarka. Yana so a ba Sidi aro ya noma, gona tana nan taka duk ranar da ka dawo. Na je na sami Sidi da kaina. Na tambaye shi abin da na san kai ma za ka tambaya. Ya ce shi bai taɓa zuwa harin nan ba, amma ba zai rantse cewa babu danginsa a ciki ba, don a shekarar nan kowa ya haukace. Ya ce 'ya'yansa biyu ƙishirwa ta kashe a hanyar gudu, ya binne su inda ba zai iya gane wurin ba yau, saboda haka ya san abin da ke cikin ƙirjin uba. Ya ce ko mai gari ya ba shi, ba zai sa hauya a gonar ba sai da yardar uban Abdu, in ka ce a'a kuwa ba zai riƙe ka a zuciya ba.

Ni ban yanke komai ba, Yaya, don ciwon naka ne, kuma mai ciwo shi ya san inda yake masa zafi. In ka tambaye ni, na fi son in ga hatsi a wurin da in ga ƙaya. Amma maganarka ce za a bi. Akwai sauran lokaci kafin sharar gona.

Umma tana gaishe ka, tana gaida Hawwa da kyau, ta ce a shafa mata kan Zainabu da auta Mahmudu da ba mu taɓa gani ba. Ka gaida maƙwabtanka da suka riƙe ku da amana a baƙunci, Allah Ya saka musu. Liman da mai gari Ɗanmalam suna gaisuwa. Ga ɗan cuku da busasshiyar kuɓewa a hannun Amadu.

Na karanta wa Inna takardar nan kafin in naɗe. Ta ce in ƙara maka cewa ba ta ce ka manta da Abdu ba, ita ma ba ta manta ba. Ta ce amsar nan kada ka aiko ta a takarda, ita ba ta karatu. Ka biyo ayari ka zo ka faɗa da bakinka tun idonta na gane fuska, kuma ko a'a ka zo da ita, tuwonka na nan a rufe.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanenka,
Yahuza
Rabi'us Sani, 1344