Yayen Muhsina

Makoda,
Ranar Talata.

Zuwa ga Yayata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Abban yara da yaran duka. Yaya Ungogo, yaya ciwon ƙafar nan taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Nababa direba alhali ga waya. Tun da motar kurkurar nan ta kife da mu a hanyar kasuwa na bugu a ka, idan ana yi mini magana a waya, kafin a kai ƙarshe farkon ya gudu. A rubuce kuwa ina iya komawa baya in ga abin da na ce, kuma babu mai laɓe mini.

Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Hancina da harshena ne dai suka tafi hutu har yau ba su dawo ba. Tuwo zai ƙone a gabana ban ji ƙauri ba sai na ga hayaƙi. Gishiri yanzu a murfin kwalba nake auna shi tun kafin in ɗora tukunya, in ɓoye sauran, don ran nan sau biyu na zuba, Baban Muhsina ya ci, sai da ya kusa ƙarar da ruwan randa. Raka'o'in salla da ƙwallon dabino nake riƙe su. Maganin farfaɗiyar da aka ba ni a asibiti, waya ce take yi mini ƙara in sha, kuma tun da na fara shi ban sake faɗuwa ba.

Amma Yaya, akwai abin da ake ƙullawa a gidan nan. Da na shigo tsakar gida sai Inna, uwar Baban Muhsina, ta tsinke maganarta ta hau tsintar wake. Da na goya Muhsina sai ta zo ta kwance ta, wai in huta. Hutun me? Jiya kuma da kunnena na ji ta ambaci yaye, yarinyar da ko tafiyarta ba ta gama nuna ba. Na tambayi Baban Muhsina, ya ce kaina ne yake raya mini. Kome na faɗa yanzu kaina ne. To kan ya fashe, na yarda, amma ai ba mutuwa na yi ba.

Tsoro nake ji kada a raba ni da 'yata. Ke kaɗai na faɗa wa. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Ramlat.

Makoda,
Ranar Lahadi.

Yayata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya yara da makaranta? Saƙonki ya iso, na gode da man kaɗen nan, Allah Ya bar zumunci. Ina shafawa a ƙirji safe da yamma kamar yadda kika ce, don kada nono ya tsage.

Yaya, abin ya zo. Muhsina ta ƙi nono. Ta kan rarrafo da gudu ta ɗaga mini riga yadda ta saba, tana kamawa sai ta saki, ta yamutse fuska ta fashe da kuka, tana dukana da ɗan hannunta. Kafin in rarrashe ta Inna ta ɓullo da kofin kunu, da ɗuminsa, sai ka ce tun asuba take jiran kukan. Ki gaya mini, wa yake dama kunun yaro kafin yaron ya ƙi nono?

Na sa ido. Na ga Inna ta dawo daga gidan wani malami da abu a gefen zane. Na daina shan duk ruwan da ban ɗebo da hannuna ba, furarta ma akuya nake zuba wa, akuyar kuwa sai ƙiba take. Na zazzage shimfiɗata ko an tura laya, babu kome sai wani cokali da muka daɗe muna nema, wanda ga alama ni na ajiye shi. Wannan ne yake karya mini gwiwa, ban san inda sharrin mutane ya tsaya nawa kan ya ɗauka ba.

Shekaranjiya Baban Muhsina ya fito fili. Ya ce tun da yarinya ta yaye kanta, sai a bi al'ada a kai ta wani gida ta manta da nono. Na ce wane gida, ya ce ana shawara. Na ce sai yaushe za a dawo da ita, ya ɗauki fartanya ya fice gonar gyaɗa. Kin san yadda ake yi, yayen sati ya zama riƙon shekara goma.

Nonona ya cika ya yi tauri, ciwo yake har hammata. Ki taya ni addu'a, kuma in da hali ki zo ki tsaya mini.

Taki har kullum,
Ramlat.

Makoda,
Ranar Alhamis.

Yaya Bilkisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da ke da iyalinki. Mu ma muna nan yadda kuka bar mu.

Jiya Aina'u maƙwabciyarmu ta shigo yi mini kitso. Ta lakaci man kaɗen da kika aiko ta shafa a leɓenta, ba ta rufe baki ba ta hau tofar da yawu. Ta ce garin maɗaci ne fal a ciki, ta yi mamakin yadda nake shafa shi ban ji ba. To ina zan ji? Wanda ya haɗa man ya san ba zan ji ba. Ni da hannuna na rubuta masa.

Na tsare Baban Muhsina a zaure na hana shi fita, sai ya amayar da kome. Ashe ke da shi da Inna kun daɗe kuna magana a waya. Wai nonon mai farfaɗiya yana sa wa yaro ciwon, wai ƙwayoyin da nake sha za su taɓa mata ƙwaƙwalwa, wai wata rana zan faɗi da ita a bakin murhu. Kuma gidan da ake shawara, gidanki ne. Na yi ta zargin tsohuwa da laya, ashe ita kunu kawai aka ba ta ta dama.

Yau da safe Aina'u ta raka ni asibiti. Malamar da take duba ni ta ce bugun kai ba ya bin nono, kuma da ma sun zaɓa mini maganin ne da sanin ina shayarwa. Tambaya ɗaya ce, Yaya, da kun yi ta. Na dawo na wanke ƙirjina da sabulu har fatar ta yi ja, na ɗauki Muhsina na ba ta. Ta dube ni, ta kawar da kai, ta miƙa wa Inna hannu.

Na san ba ƙina kike yi ba, tsoro ne. Ni ma ina jin tsoron murhun nan, shi ya sa ba na girki da goyo, da kin tambaye ni da na gaya miki. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, ban taɓa jin kaɗaici irin na jiya ba.

Nono kam kun raba ta da shi, ya wuce. An ce ranar Asabar Nababa zai kawo miki ita. To ki shimfiɗa tabarma ta mutum biyu, don a cinyata za ta zo, kuma ranar da zan dawo Makoda a bayana za ta dawo. In kina tsoron in faɗi da ita, ki zauna kusa da ni ki tare mu.

Ki gaishe da Abban yara.

Uwar Muhsina,
Ramlat.