Ɗanyen Kifin Baba

Khon Kaen, 9 ga Yuni

Inna Buaphan,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ke da Baba da jikarku Namwan kuna lafiya. Na shiga shekara ta uku a jami'a.

Inna, ki daina gaya wa mutane wai likitanci nake karantawa. Lafiyar al'umma ce. Mu ba ma warkar da kowa, aikinmu mu hana mutum kwanciya tun yana kan ƙafarsa.

Jiya aka sa mu duba kifi a madubin likita, irin ƙananan nan da Baba ke kamowa a kogin Chi. Na ga tsutsar da ke cikin namansu da idona. Hanta take shiga ta zauna shekara ashirin ko talatin, ba ciwo ba zazzaɓi, sai ranar da wurin ya zama ciwon daji. Na tuna Kawu Sombun da yadda idonsa ya koma ruwan ɗorawa, muka ce mayu ne suka kama shi. 

Ki roƙi Baba ya bar cin koi, kwaɗon nan na ɗanyen kifi, ki riƙa dafa masa kifin. Kuma ya zo a yi masa hoton ciki.

'Yarki mai biyayya,
Lamduan

*

Ban Non Sawang, 27 ga Yuni

'Yata Lamduan,

Muna gaishe ki, muna sa miki albarka. Na karanta wa babanki takardarki, ya yi dariya har ya ƙware. Ga amsarsa yadda ya faɗa:

"Ki ce wa Likitar tamu, lemun tsami nake matsawa har kifin ya yi fari fat. In ba dahuwa ya yi ba, me ya yi? Ga barkono, ga jajayen tururuwa, ga giyar shinkafa da nake bi da ita. Tsutsar da ta tsira daga wannan, ai ta ci halalinta, a bar mata hantar."

Kuma kin san duk shekara ma'aikatan lafiya na raba ƙwayar kashe tsutsa. Bai taɓa fashi ba. Ranar da ya haɗiya ma kwano biyu yake ci, wai an share ɗaki.

Na gwada dafawa don ke. Ya ture kwanon ya ce wannan abincin mutanen Bangkok ne. Maganar hoto kuwa, ya ce sai an gama dashen shinkafa. Ki yi karatunki, ki bar tsoho da kifinsa.

Mahaifiyarki

*

Khon Kaen, 20 ga Oktoba

Inna,

Ina gaisuwa. An gama dashe tun Agusta, ban ga Baba ba. Yanzu kuma na san za ki ce sai bayan girbi.

Ƙwayar nan tana kashe tsutsar, amma ba ta goge tabon da ta bari. Duk sanda ya sha ya koma ya ci, sabon rauni ne a kan tsoho.

An tura mu ƙauyuka mako uku, muna bi gida gida da takardar tambayoyi. Kowa ya san amsar da muke so. "A'a, Malama, mu mun daina tuni." Ranar da za mu tafi mai gari ya yi mana liyafar ban kwana, kin san abin da aka ajiye a tsakiyar tabarma. Direbanmu ma ya ci.

Ni na fi kowa maki a aji kan hoton bango da na zana, mai cewa rigakafi ya fi magani. Kunya ta kama ni da aka tafa mini. Uban da ya haife ni ban iya juya shi ba, wa zan juya? Na gaji, Inna, kuma tsoro nake ji.

Ki gaishe shi duk da haka.
Lamduan

*

Ban Non Sawang, 11 ga Fabrairu

Lamduan,

Gaisuwa. Na ɓoye miki don jarrabawarki, yanzu ba ta ɓoyuwa.

Babanki ya je hoton. Ba maganarki ce ta kai shi ba, idonsa ne ya koma irin na Sombun, ga ƙaiƙayi duk jiki. Likitan asibitin ya kira ni waje ya ce in kai shi gida, ya ci duk abin da ransa ke so. Ban gaya masa ba, bai kuma tambaya ba.

Maƙwabta na ta cewa, ga 'yarku likita, me kuke jira? 

Ko lomar shinkafa ba ta wuce masa. Kwana uku ke nan abu ɗaya yake roƙona, koi. Na hana. Namwan ma kuka take yi, don tun tana shekara biyu a cinyarsa take zama yana ba ta koi a baki. Ɗazu ya ce, "To ki tambayi Likita. In ta ce a'a, na haƙura." Bai taɓa faɗin haka ba.

Shi ne nake tambayarki.

Mahaifiyarki

*

Khon Kaen, 15 ga Fabrairu

Inna,

Ki ba shi. Ki matsa lemun tsami da yawa, yadda yake so, ki ce masa Likita ta yarda. Ina tafe ranar Asabar.

Namwan kuwa, ki kai ta gidan maƙwabta kafin ki kawo kwanon. Na sani, can ma shi suke ci. Ban san inda zan ce ki kai ta ba.

'Yarki,
Lamduan