Laifin Kashe Janareta Ne, Ba Na Idona Ba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Ma'aikata na ofishinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali, da fama da jama'a. Ni ne Malam Lawal na sashen ajiyar takardu, wanda takardar tuhumarsa ke manne a allon sanarwa yau mako uku. Tunda a fili aka tuhume ni, a fili zan ba da amsa, kuma wallahi cikin farin ciki nake rubuta ta.

Na farko, ga abin da ya faru. Kullum da safe in na kunna kwamfuta, tagar da ke nuna fayiloli sai ta buɗe 'yar mitsitsiya kamar ambulan. Mu kuwa muna sa wa fayil sunan mutum da na mahaifinsa, sannan unguwarsu, kuma a ƙaramar taga sunan unguwar ba ya fitowa. Sai in ja gefenta in faɗaɗa, washegari ta koma yadda take. Ranar da aka tsaya a kaina ana gaggawa, ban kai ga faɗaɗa ta ba, na buga takardar Sani Abdu na Ƙofar Kwaya na miƙa wa Sani Abdu na Ƙofar Marusa. Bawan Allah ya zo karɓar ƙarin girma, na ba shi ritaya. Kuskurena ne, na amsa, har gida na bi shi na ba shi haƙuri.

Na biyu, takardarka ta ce idona ya gaza, za a mayar da ni sito ƙarshen wata. Mai gyaran kwamfuta da aka kira, ni ya duba, bai dubi kwamfutar ba, ya ce hannun tsofaffi ne. Wannan magana ta yi mini ciwo ƙwarai. Shekara ashirin da shida ina kan teburin nan, yau in tafi ƙirga tsintsiya?

Na uku, kuma nan ne daɗin yake. Umarnin ofishinka ne a kashe janareta ƙarfe huɗu daidai don tattalin mai. Kwamfutocinmu ba su da batiri, saboda haka kullum ɗif suke mutuwa da komai a buɗe. Ranar wata Laraba Malam Sada mai kula da janareta ya je jana'iza, ya makara. Na zauna ina jiran ɗif, shiru. Sai na rufe tagar da hannuna, na kashe kwamfutar a tsanake. Alhamis da safe na kunna, sai ga taga shimfiɗe, kowane suna da unguwarsa! Kabbarar da na yi sai da Hajiya Binta mai buga takardu ta zubar da shayinta.

Ban yi saurin yarda ba. Kwana biyar ina rufe ta saura minti goma a tashi, kwana biyar tana buɗewa da faɗinta. Sannan da gangan na ƙanƙantar da ita na rufe, na sake buɗewa na faɗaɗa, na bar wa janareta. Da safe ga 'yar ambulan ta dawo. Ashe kwamfuta girman da aka rufe taga da shi take riƙewa, mu kuwa ba a taɓa ba mu damar rufewa ba. Da na nuna wa abokan aiki, sai ga shi har Hajiya Binta da wannan take fama, tsoron allon sanarwa ne ya sa kowa ya yi gum.

Kada a taɓa Malam Sada. Da na ba shi labari cewa ya yi, “Wallahi Malam, abin da anka ce mani shi ni kai. Ƙarhe huɗu in kashe in tahi.” Gaskiya ya faɗa.

Roƙona uku ne. A cire takardar tuhumar daga allo da kuma fayil ɗina, a janye maganar sito. A ba Malam Sada izini ya buga ƙarfe minti biyar kafin ya kashe inji, kowa ya rufe aikinsa. Shi kuma mai gyara, in ya sake zuwa, ya zauna kusa da ni in koya masa, ba zan ce komai game da hannunsa ba.

In akwai sauran shakka, ranka ya daɗe, ka sauko gobe ƙarfe takwas ka kunna kwamfutar da kanka. Zan ba ka kujerata, amma aro.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama da ofis lafiya, ya tsare ka daga hukunta wanda ba a saurara ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Lawal, sashen ajiyar takardu, Katsina.