Jan Kuros A Ƙofar Tsohuwar Tasinmu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Duba Motocin Tsere, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Nafi'u. Ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa ganinka ba, an dai nuna min motarka daga nesa. Ni mai walda ne a garejin Oga Tanimu fanalbita, mai gyaran jikin mota, nan Tungan Maje, bakin hanyar Gwagwalada. Bara na zo Abuja daga ƙauyenmu a ƙasar Kazaure, inda nake waldar ƙofa da taga. Boko a firamare na tsaya, don haka in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, yadda nake magana haka nake rubutawa. An ce min a garin nan in kana so babba ya ji ka, sai ka rubuta a fili kowa ya karanta. To ga ni.

Kafin ƙorafi bari in fara da albishir. Motarmu ta ci jarrabawar dubawarku. Wallahi ta ci, Yallaɓai! Sitikarku tana nan manne a gilashin gaba, ko ƙuda ba ma bari ya sauka a kai. Amma hanyar da muka bi kafin mu same ta, ita ce nake so ka ji.

Na ɗaya, ka san wace mota ake magana.

Tsohuwar tasi ce mai kore da fari. Ta Yaya Kabiru ce, wani direba ɗan unguwarmu, ya yi shekaru yana jigila da ita tsakanin Wuse da Karu har ta gaji ta kwanta. Ya jawo ta garejinmu ya ajiye a gindin mangwaro, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Shi ne ya fara nuna min tseren motoci a waya, irin wanda ake yi a hanyar ƙasa, mota tana tashi sama kamar akuya ta ga kura. Ya ce min, "Nafi'u, ni na iya tuƙi, kai ka iya ƙarfe, me ya rage mana?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Hauka kaɗai ya rage, shi kuma muna da shi."

Oga Tanimu bai so ba. Ya ce gindin mangwaron nan wajen aiki ne, ba maƙabartar mota ba. Da muka dame shi da roƙo sai ya yanke mana magana ɗaya. Ya ce mu yi, amma in ranar dubawa ta wuce motar ba ta ci ba, 'yan gwangwan zai kira su yanka ta su auna a kilo. Oga kuwa ba ya magana biyu. Ko Yaya Kabiru da yake mai motar dole ya yarda, don ba shi da wani wajen ajiye ta.

Haka muka fara, in aikin kwastoma ya yi sauƙi. Muka cire kujerun baya da kafet da duk wani abu mai cin wuta. Aka sauke inji aka gyara. Muka sa bel mai kama kafaɗa biyu, muka ɗaure abin kashe gobara inda hannun direba zai kai, muka sa makunnin da ke kashe batir daga waje. Ni kuma nawa shi ne keji, wato bututun ƙarfen nan da ake kewaye cikin mota da su, don in ta wuntsila kada rufi ya danne mutum. A bidiyo na koya. Turawan suna ta surutu, ni ba na jin bakinsu, hannunsu kawai nake kallo.

Na biyu, abin da muka yi wanda ba mu san laifi ba ne.

Yallaɓai, a sana'armu abin kunya ne a ga walda. Ranar da na fara aiki Oga ya ja kunnena ya ce, "Aikin da kwastoma ya gane inda aka ɗinke, ba aiki ba ne." In ka yi walda sai ka bi ta da giranda ka kankare, ka shafe da fila, wato ƙullun nan na cike jikin mota, ka goge da samfefa, ka fesa fenti, har mai motar ya rantse ba a taɓa buge ta ba. Da wannan ake gane gwani a wajenmu. To da na gama kejin nan, me kake tsammani zan yi? Na ce gaban manya za a kai ta. Na bi kowace gaɓa na cike ta da fila, na goge ta sumul kamar kumatun jariri, na fesa farin fenti. Oga da kansa ya shafa da tafin hannu ya ce, "Yanzu ka fara zama mutum." Ranar ko abinci ban iya ci sosai ba don murna.

Na uku, ga ƙorafin nawa.

Ranar Asabar ɗin dubawa muka ɗaure ta da igiya a bayan a-kori-kura, muka ratsa gari har filin da kuka ce a bayan Karu. Muka shiga layi da motocin da ban taɓa ganin irinsu ido da ido ba. Da aka zo kanmu, injiniyanku mai dubawa ya ja bel, ya gwada makunnin batir, ya ɗaga hular kwanon Yaya Kabiru ya juya ta. Duk yana gyaɗa kai. Sai ya leƙa ciki da tocila. Ya shafa kejina. Ni har na fara gyara tsayuwa, ina jira ya tambayi wanda ya yi. Sai kawai ya ciro jan alƙalami mai kauri ya zana ƙaton kuros, alamar ba ta ci ba, a ƙofar direba, ya faɗi wata kalma ɗaya da Turanci, ya wuce mota ta gaba.

Shi ke nan fa, Yallaɓai. Babu bayani.

Na bi shi ina cewa, "Oga, don Allah me ya faru? Ina ne bai yi ba?" Ya ɗaga min hannu, ya ce komai yana cikin dokokin da aka tura. Ina aka tura? Wa aka tura wa? Ashe a waya ne, da Turanci, shafi a kan shafi. Yaya Kabiru yana ɗan tsinta, amma Turancinsa na ɗaukar fasinja ne, bai kai nan ba. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, injiniyan nan yana jin Hausa. Da kunnena na ji yana waya da ita tiryan-tiryan, yana tambaya ko an kai yara Islamiyya.

Na tsaya a rana ina kallon kejin, na rasa me ya yi. Na ce ko fentin ne bai yi ba? Ko fari ne ba a so? Ni tunanina duk a kan kyau yake. Ina kallon motar ina ganin 'yan gwangwan da gudumarsu.

Wata Anti ce ta cece mu, mai jar mota, ita ma tsere take yi. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta irin ta Abuja ce. Ta leƙo ta ce, "Kai, ina walda naka? Ka ɓoye shi! Mutumin nan yana so ya gani da ido. In bai gani ba, yaya zai sani ko ya kama?" Ta ce wanda aka sa wa kuros yana da damar dawowa Asabar mai zuwa. Maganar da ba ta kai tsawon shan ruwa ba. Ita ce injiniyanku ya kasa yi mana.

Na huɗu, don kada a ce na yi son kai.

Mun koma gareji, na ɗauki giranda da burushin waya na fara kankare abin da na yi alfahari da shi. Yaran gareji suna min tsiya, wai Nafi'u ya yi wa amarya kwalliya yanzu yana wanke ta. Oga yana zaune a benci yana kallo. Gaɓoɓin ƙasa duk suka fito lafiya. Da na kai na sama, can inda bututu ya haɗu da bututu dab da rufi, daidai kan direba, sai na ga waldar ba ta zagaye ba. Hannu ba ya shiga wajen, na yi iya inda na kai, fila ta rufe sauran, ni kaina na manta. Na kira Yaya Kabiru na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya shafa ƙeyarsa, ya ce, "Wato nan ne da kaina zai kasance."

Saboda haka ban ce injiniyanku ya yi kuskure ba. Gaskiyarsa ce, kuma Allah ya saka masa. Abin da na ce shi ne, ya ga rami a gabanmu, ya hana mu wucewa, amma bai ce mana rami ne ba. Da Antin nan ba ta leƙo ba, wallahi da wani fentin zan sake fesawa in dawo.

A nan ne Oga Tanimu ya tashi daga benci. Ya zagaya motar, ya ce, "Ku huda ƙasanta." Muka huda ƙasan motar daidai ƙafafun kejin, muka sauke shi ƙasa har samansa ya rabu da rufi, hannu ya samu hanya. Na zagaye kowace gaɓa da wuta a nutse. Muka ɗaga shi ya koma mazauninsa, muka sa faranti mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa muka kama. Da na gama, hannuna da kansa ya nufi gwangwanin fila. Oga ya buge min hannu. Mutumin da ya ja kunnena a kan a ɓoye walda, shi ne ya ce, "Bar ta tsirara, ɗan nema. Wannan ba ta kwastoma ba ce."

Asabar muka koma. Injiniyan nan dai shi ne. Ya shiga da tocilarsa ya kwanta rigingine a cikin motar, yana bin gaɓa ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya fito ya kakkaɓe riga, ya ce, da Hausa fa, "Wa ya yi waldar nan?" Yaya Kabiru ya turo ni gaba. Injiniyan ya dube ni ya ce, "Ta yi." Ya manna sitika.

Yallaɓai, ban san lokacin da na yi kabbara ba. Yaya Kabiru ya ɗaga ni sama kamar buhun gawayi, ya danna hon har mai gadi ya zo ya yi mana faɗa. Antin nan tana ta tafi daga cikin motarta. Da muka iso Tungan Maje mai shayi ya ce ranar ba ya karɓar ko sisi a hannunmu. Oga kuwa yanzu duk wanda ya kawo gyara sai ya ja shi gindin mangwaro ya nuna masa gaɓar saman nan, yana cewa, "Yarona ne ya yi." 'Yan gwangwan sun zo wucewa shekaranjiya, ya ce su ƙara gaba.

Na biyar, roƙona.

Ina roƙonka ka sa a karanta dokokin nan da Hausa a ɗauka a murya, a tura a waya. Mu masu gareji ba ma karatu sosai, amma muna saurare, kuma abin da muka ji ba ma mantawa. A faɗa a ciki ƙarara cewa kada a rufe waldar keji da fila, don duk wanda ya tashi a hannun fanalbita sai ya rufe, yana ganin ladabi ya yi. Yanzu haka akwai wasu samari a Karu da suka ga tamu suka fara tasu. Na je na gaya musu da bakina, amma bakina ba zai kai ko'ina ba.

Sannan ka ce wa masu dubawa, in za su zana kuros, su nuna wajen da yatsa. Ba ma neman a sassauta mana. Kan Yaya Kabiru ne a ciki, yana da mata da 'ya'ya, a tsananta ma mun fi so. A gaya mana kawai.

Na ƙarshe, ina gayyatarka. Ranar tsere in ka zo, ka nemi tsohuwar tasi mai kore da fari. Ba za ta ɓace maka ba, don jan kuros ɗin yana nan a ƙofar direba. Na ɗauko fetur zan goge, Yaya Kabiru ya riƙe min hannu ya ce a bar shi, mun gama ɓoye-ɓoye a motar nan. Ka leƙo ciki, ka sa yatsanka a gaɓar da ke saman kansa. Ba ta da kyan gani, Yallaɓai, tana da ƙuraje kamar bayan kada. Amma ta zagaye.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare duk wanda zai shiga mota ranar nan, namu da naku. Allah ya sa a tashi lafiya a sauka lafiya.

Wassalam.

Naka,
Nafi'u mai walda,
Tungan Maje.