Shafin Itto

Azru, 4 ga Yuni, 1997

Zuwa ga maigidana Muha, Baban Tuda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Yaya aiki, yaya zafin gonakin rumfar ledan nan na Almeriya can Turai? Allah ya sa tarin ya sake ka. Tsohuwarka tana gaishe ka. Ƙafar ta yi sauƙi, bakin dai yana nan yadda ka bar shi.

Maganar 'yarka ce. Tun da ta zo ta uku a tseren 'yan makaranta na lardi, gidanmu ya zama kasuwa. Mutum biyu ke son ta je sansaninsu na horo a Ifran idan an yi hutu. Na farko Si Lahsan, malamin wasanninsu. Nasa ɗakin kwanan ɗalibai ne aka ara, katifa a ƙasa, wake da burodi safe da yamma, kowa ya zo da bargonsa. Na biyu ƙanenka Assu ne ya kawo shi, wani Si Abdelkabir daga Kasablanka, mai mota da turare. Gida guda ya kama, ga likita, ga nama kullum, wai duk kyauta. Har takalmin gudu ya kawo mata, cif-cif ƙafarta. Wa ya gaya masa girman ƙafar 'yata?

Ka san halina. Shi ma Si Lahsan sai da na bi bayansa, na tarar matarsa ce ke kwana da 'yan matan, ita ke dafa waken. Mai turaren kuwa, ina zuba masa shayi ina lura da idonsa. Na zaci yarinyar zai riƙa kallo, har na shirya masa. Ko sau ɗaya bai dube ta ba, bai kuma tambayi minti nawa take yi ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Lalla Zhor, littafin iyali yana kusa?" Littafin nan da hukuma ke rubuta haihuwa da rasuwar 'yan gida yake nufi. Na ce yana akwati, makulli yana wajen maigida. Allah ya yafe mini, makullin yana wuyana.

Assu ya ce, "Ke wallahi ko mala'ika ne ya sauko sai kin ce ya nuna katin shaida." Na ce ƙwarai kuwa, in dai kai ka rako shi.

Tuda dai hankalinta ya tafi wurin takalmin nan, sau uku take goge shi a rana. Ka rubuto mini ra'ayinka.

Matarka,
Zhor

Azru, 22 ga Yuni

Baban Tuda,

Ina gaishe ka, ina fata lafiya. Wasiƙarka ta iso. Layi huɗu ce, na ƙirga. Ka ce in ba mutumin littafi in rage tambaya. Ba ka ce wane ne shi ba, ba ka ce ɗan gidan wa ba, kai da kake tambayar asalin akuya kafin ka saya. A nan na gane ba ni ce na fara ba ka labarinsa ba.

Ranar Talata na ce zan je kasuwa, na bi ta filin wasa na tsaya a bayan katanga. Si Abdelkabir yana can da agogonsa, Assu yana gefe, yara suna zagaye. Sai na ji ya ɗaga murya ya ce, "Itto! Ɗaga gwiwa!" 'Yarmu ta waiwaya ta amsa masa.

Ban san yadda na iso gida ba. Na buɗe akwati na ɗauko littafin. Shekara goma sha uku ke nan ban taɓa buɗe shafin Itto ƙanwar Tuda ba, tun ranar da muka binne ta a ƙauye, ƙanƙara ta rufe hanya. Da hanya ta buɗe ka ce mini ka sauka ofis ka shaida musu. Ga haihuwarta nan a rubuce, ga hatimi. Wurin rasuwa fari fat. A wajen hukuma 'yata ƙarama tana raye, shekararta goma sha huɗu.

Assu bai ko yi musu ba. Ya ce Tuda mai shekara sha shida ta uku ce, amma da takardar ƙanwarta cikin ƙananan yara za ta shiga, ba mai kamo ta a ƙasar nan. Shekara biyu kawai, sai Turai. Ya ce duk ana yi. Ya kuma ce ka sani, kun yi magana a waya tun watan Mayu.

Rashin zuwanka ofis a wancan lokacin na yafe, na san kai ma ƙafarka ce ta kasa ɗaukarka. Wannan kuwa ban san me zan kira shi ba. Zuciyata tana tafasa, amma ban fasa yi maka addu'a ba.

Zhor

Azru, 29 ga Yuli

Baban Tuda,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ka kira shagon Assu sau uku. Ina lafiya, da gangan na ƙi zuwa.

Na zaunar da Tuda na tambaye ta. Ta yi kuka, ta ce, "Yemma, suna ne fa kawai. Ita ba amfani take yi da shi ba." Ban mare ta ba, ko da yake hannuna ya so. Na ce, to idan kika yi nasara aka kira wannan sunan a rediyo, ni in yi guɗa ko in yi kuka? Ita kuma Tuda da na yi wa goyo, ina za mu kai ta? Ta ce na fi son wadda ta mutu. Ta jefa mini wannan ta fita, har yau yana ci na.

Na hau mota zuwa ƙauye na tattaro waɗanda suka tsaya a kan kabarin. Tsofaffi sun sauko da sandunansu suka ba da shaida. Tsohuwarka ce a gaba, ta ce a gaya maka za ku gamu. Na yi ta sintiri tsakanin kotu da ofis don a rubuta rasuwar Itto, har magatakarda ya fara ɓuya idan ya hango ni. Da Si Abdelkabir ya ji, bai yi faɗa ba. Ya aiko a karɓar masa takalminsa, ka ga iyakar son da yake yi wa gudun 'yarka.

Tuda ta tafi sansanin Si Lahsan da jan bargonka da tsohon takalminta. Ba ta ɗago mini hannu a tasha ba. Matar malamin ta aiko cewa tana cin wake tana ƙorafi, kuma ta rage daƙiƙa huɗu a gudunta. Wataƙila ta uku za ta sake zuwa, wataƙila ba za ta ga Turai ba, wataƙila ta riƙe ni da wannan har in mutu. Na sani, kuma ina jin tsoro.

Jiya aka buga hatimi. Magatakarda ya cike shafin, ya karanta mini: Itto, ta rasu tana da wata bakwai. Idan ka zo ka karanta da idonka. Ko rarrafe ba ta yi ba, Muha, ku kuma kuna so ku sa ta gudu.

Ka sha maganin tarinka.

Uwar Tuda da Itto,
Zhor